Dakuwar da Ba Ta Kai Abidjan Ba

Abidjan, 15 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yata Ƙauna, a Malumfashi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da marasa lafiyar da kike yi wa allura. In kin leƙa Gozaki ki gaida Mamanku, ki ce mata kumburin ƙafata ya sauka, tarin nan kuwa na baro shi a Legas, can ya fi dacewa da shi. Yayanki Paul yana lafiya, har ya aje tumbi, garejinsu ba ya rabuwa da aiki. Shi zai ɗauki hoton wannan takarda ya turo miki. Kin ce me zai hana in kira kawai. A waya mutum ba ya samun lokacin gyara maganarsa, ni kuwa yau maganata tana neman gyara.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kin san tun da Paul ya ce in zo in kalli gasar cin kofin Afirka da idona, ban bar kowa ya huta ba. Na faɗa a gidan kallo, na faɗa a bakin coci, na faɗa wa mai faci a Funtua wanda bai ma tambaye ni ba. Haka maganar ta kai kunnen Gwaggo Adama, ta aiko a kira ni.

Ki tuna ko wace ce, don ki auna girman abin da na yi. Matar da ta ɗauke ni ina ɗan wata biyu da uwata ta rasu, ta shayar da ni tare da ɗanta Ummaru, ba ta taɓa tambaya ko ni ɗan coci ne ba. Ita ce ta miƙo mini ƙulli a wani tsohon tsumma, ta ce, "Ayuba, an ce garin da za ka nan Ummaru yake. Ka neme shi, ka ba shi wannan hannu da hannu." Shekara goma sha huɗu rabonta da ganinsa. Na dafa ƙirji na ce ta ɗauka ya isa.

A iyakar Togo da Ghana motarmu ta tsaya awa bakwai. Ƙullin yana kan cinyata, yana ta aiko mini da ƙamshin citta da kanumfari. Na ce bari in duba ko zafi ya lalata kayan mutane. Dakuwa ce, Ƙauna, curi goma sha biyu, irin wadda Gwaggo ke dakawa har mai ya fito. Na ɗanɗana ɗaya don in tabbatar. Na ci ta biyu don in gwada ta da ta farko. Wani Bakano mai ganga da ke kusa da ni ya taya ni binciken. Kafin a buga mana hatimi, bincike ya kammala, babu wadda ta lalace, babu kuma wadda ta rage.

Jiya mun yi kunnen doki a wasanmu na farko. Filin wasan ya fi gonar auduga ta Sarkin Noma girma, mutane kamar an zazzage buhun gero, amma duk ihun da na yi da rabin zuciya na yi shi. Ki rufa mini asiri wajen Gwaggo da Mamanku. Zan nemi dakuwa a nan in cike gurbin, sannan in nemi Ummaru.

Mahaifinki,
Job

Malumfashi, 17 ga Janairu

Baba,

Barka da sauka. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, suna tambaya ko sun gan ka a talabijin. Na ce musu ku duba wanda bakinsa ke motsi.

Na karanta takardarka a wurin aiki, na yi dariya har wata mai jego ta tambaye ni ko lafiya. Da na dawo gida na sake karantawa, dariyar ba ta zo ba. Baba, kwana biyu Gwaggo ta yi tana dakan nan. Hannunta ba ya ɗaga taɓarya sosai yanzu, tana yi tana hutawa, Mama ta ce bari ta taya ta, ta ƙi.

Ba zan faɗa mata ba. Amma kada ka tsaya neman dakuwa. Ka je wurin Baba Ummaru ka gaya masa gaskiya, ba yau ya fara saninka ba. Ran Lahadi bayan sujada zan je Gozaki in auna mata jini.

Ka riƙa shan maganinka, ka rage gishiri.

'Yarka,
Ƙauna

Abidjan, 20 ga Janairu

Ƙauna,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, magani ina sha in na tuna. Gishiri kuwa ba ni ke zubawa ba, matan garin nan ne, ban kuma san yadda ake cewa "ya isa" da Faransanci ba.

Shekaranjiya mun ci masu gida ɗaya da nema. Ina zaune tsakiyar 'yan Kwaddibuwa, kowa da rigarsa ruwan lemo, sai na yi murnata a ciki kamar wanda ya tsinci kuɗi a gaban mai shi. Wata mata mai jiki da ke gefena ta gane ni, ta ɗaga mini yatsa, daga baya kuma ta ba ni soyayyiyar ayaba. Mutanen kirki ne. Suna da wani abinci na garin rogo da kifi, wai sunansa garba. Na ce a garinmu Garba mutum ne, yana da mata biyu da babur.

Shawararki na ji ta, na kuma ajiye ta a wuri mai kyau. Na shiga kasuwar Ajame neman dakuwa. Na samu wurin wata Bazabarma, na saya, na ɗanɗana. Yashi ne da sukari. In na kai wa Ummaru wannan na ce daga hannun uwarsa ta fito, zai ɗauka Gwaggo ta daina sonsa.

Na ziyarci Shitu ɗan Maska, wanda muka yi aji huɗu tare kafin makaranta ta gaji da mu. Yanzu direban babbar mota ne, yana jigilar doya. Ya yanka mini zabo, ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni bakin teku. Ƙauna, ruwa ne babu tsallake. Na tsaya ina lissafin buhun shinkafar da za a noma da shi a rani, Shitu ya ce gishiri ne. Ka ji asara. Rana kuwa kamar ta narkar da mutum, Allah ya sa tsumman Gwaggo yana aljihuna, na naɗa shi a ka. Kin ga ko ba komai saƙon ya yi wani amfani.

Shitu ya san inda Ummaru yake. Ba babban ɗan kasuwar goro ba ne kamar yadda ake faɗa a Gozaki. Teburin shayi yake da shi a bayan tashar Ajame. Na je, na hango shi daga nesa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma yadda yake ɗaga kofi sama yana tsiyayawa, hannun babansa ne sak. Na yi taku uku zuwa wurinsa, sai na tuna hannuna babu komai, na koma bayan tulin ayaba na laɓe. Mai ayabar ta ɗauka ɓarawo ne. Ba ta yi kuskure sosai ba.

Zan koma. Ki bar ni in tara ƙarfin hali.

Job

Malumfashi, 22 ga Janairu

Baba,

Ina fata ka tashi lafiya. Mama tana gaishe ka, ta ce an gama sussukar dawa, an zuba a rumbu.

Ka zauna kafin ka karanta wannan. Jiya na je wurin Gwaggo. Jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura, kunu ma sai an lallaɓa take sha. Ina naɗe abin awo sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ayuba ya kai zanen?" Na ce, dakuwar? Ta ce, "Ke, wa ke maganar dakuwa? Zanen."

Baba, abin da ka naɗa a ka ba tsumma ba ne. Majanyin da ta goya ku da shi ne, kai da Baba Ummaru. Ita ta kaɗa zaren da audugar gonarsu, aka saƙa mata. Ta ce in ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya, in wancan ya yi barci ta sauya. Ta ce akwai gefen da ya yage, kai ka tauna shi lokacin da haƙoranka ke fitowa. Shekara hamsin da takwas yana ƙasan akwatinta.

Na ce me ya sa ba ta gaya maka ba. Ta ce da ta faɗa, da duk motar ta ji kafin ku kai Zariya, ita kuwa ba ta son a yi ta yawo da kunyar ɗanta. Ta ce Baba Ummaru yana gani zai gane, ba sai an yi masa bayani ba: ita ta ɗauke shi, yanzu shi take jira ya zo ya ɗauke ta.

Ta san abin da ya hana shi dawowa, shanun huɗa biyu na babansa da ya sayar ya tafi fatauci, jarin ya nutse. Ta ce in ya kawo maganar a gaya masa, "Shanun nan da suna nan ma da tuni sun tsufa sun mutu. Ni ce ban mutu ba tukuna."

A matsayina na ma'aikaciyar asibiti nake gaya maka, ba a matsayin 'yarka ba: kada a ɗauki lokaci. Ka wanke zanen, ka kai masa yau.

Ƙauna

Abidjan, 24 ga Janairu

Ƙauna,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na ga takardarki. Gobe da sassafe za ni Yamusukuro, babban birninsu, an ce akwai kadoji da wani coci da ya fi kowane girma. Zan yi 'yan kwanaki. In na dawo zan rubuto.

Job

Malumfashi, 31 ga Janairu

Baba,

Ina gaisuwa. Yau kwana bakwai babu takarda. Na kira Yaya Paul, ya ce ya raka ka ya dawo, ka ce kada ya faɗa mini komai. Hotuna dai na gani, kai da kada, kai da ƙofar coci, ka ɗaga yatsu biyu.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Amma na rubuta maka cewa matar da ta shayar da kai tana kwance, ka amsa mini da layi uku da labarin kadoji. Na karanta layukan nan ya fi sau goma ina neman inda ka ambaci sunanta.

Ran Lahadi na same ta ta sa an juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ta ce a duba. Ta tambaye ni ko ka rubuto, na ce hanya ce ba kyau. Na yi mata ƙarya saboda kai, Baba, ban ji daɗi ba.

Mun saba kana mai da komai wasa, muna kuma son ka a haka. Wannan karon ka yi haƙuri ka bari. In kunyar dakuwa ce, ka ba Yaya Paul zanen ya kai.

Ƙauna

Abidjan, 5 ga Fabrairu

'Yata Ƙauna,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Jikina lafiya, sai dai bayana da ya san bencin tasha fiye da yadda ya so. Takardarki ta same ni, ta kuma same ni a inda ya dace. Ba ki yi laifi ba. Wanda ya rubuta layi uku shi ya jawo a karanta masa na huɗu.

Ga abin da na kasa rubutawa. Ranar da na karanta maganar majanyi na zazzage jakata, na zazzage ɗakin Paul, babu shi. Sai na tuna na cire shi daga kaina a motar Shitu na ajiye a gaban gilashi. Shitu kuwa ya tafi arewa ɗaukar doya, wayarsa ba ta shiga. Na riga na gaya miki na cinye rabin saƙo. Ban sami bakin gaya miki na zubar da sauran rabin ba.

Abokan aikinsa suka ce a Yamusukuro yake lodi. Muka je da Paul, aka ce ya wuce Buwake, amma dole ta nan zai biyo in zai dawo. Paul ya koma bakin aikinsa, ni na zauna a tashar manyan motoci ina leƙa fuskar kowane direba. Hotunan da kika gani duk na ranar farko ne, Paul ya ce in yi murmushi, na yi. Kadojin suna nan, suna kwance baki buɗe ba aikin fari ba na baƙi, kamar 'yan majalisar ƙofar gidanmu. Cocin kuwa, Ƙauna, in an sa cocinmu na Gozaki a ciki sai an yi cigiyarsa. Na shiga na durƙusa a wuri mai girma haka, na roƙi Ubangiji tsumma. Ina jin tun da aka gina shi ba a taɓa kai masa ƙaramar buƙata irin tawa ba.

Ran kwana na shida sai ga Shitu. Kafin ya kashe mota na ɗare. Majanyin yana hannunsa, yana goge gilashi da shi, ya kuma riga ya auna baƙin mai da shi sau biyu. Ya ce, "Job, a kan wannan ka kwana shida a tasha?" Da na gaya masa ko mene ne, sai ya ajiye shi a kan sitiyari da hannu biyu. Shi ma tasa uwar tana Maska.

Wanki uku na yi masa da hannuna. Man bai fita duka ba. Na duba gefen, ga yagewar nan. Ashe tun ina goye nake cin kayan mutane.

Shekaranjiya na je Ajame, ban kalli tulin ayaba ba. Na zauna a bencinsa na ce, "Mai shayi, a haɗa mini irin na ɗan'uwa, wanda ba a biya."

Kofin yana sama, shayin ya zube a ƙasa. Ya ce, "Ayuba?"

Na ce, "A'a, alƙalin wasa ne."

Bai yi dariya ba. Ya dafa tebur ya ce, "Ta rasu ko?"

Na ce, "Tana nan. Ta aiko maka da dakuwa curi goma sha biyu."

Ya miƙo hannu. Na ce, "Na cinye a iyakar Ghana."

Ya dube ni, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe a rufe har ta yi tsatsa. Ya ce, "Wallahi ba ka canza ba. Kai ne ka sa na tashi a rame, nonon ma fin ƙarfina ka yi."

Sai na ciro majanyin na ɗora masa a hannu. Ban ce komai ba, kin san kuwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Ya juya shi, ya bi saƙar da yatsa har ya kai gefen da na tauna. Ya kai shi hanci. Na ce, "Warin man na Shitu ne, kada ka ɗora wa Gwaggo." Ya zauna a ƙasa a bayan teburinsa, ya rufe fuska da shi. Masu jiran shayi suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zo, na haɗa masa da kaina, ya kurɓa sau ɗaya ya tafi.

Da ya sami magana ya ce, "Da wane ido zan kalle ta? Na sayar da shanun Baba, na bar shi yana huɗa da hannu har ya mutu. Ko jana'izarsa ban je ba. A gida ana cewa ina da shaguna. Ka ga shagunan."

Na gaya masa maganar Gwaggo yadda kika rubuto, ban ƙara ko gishiri ba. Sannan na ce, "Ummaru, kai shanu biyu ka ci, ka yi shekara goma sha huɗu kana ɓuya. Ni dakuwarta na ci, na kuma yi yawo da majanyinta a ka har bakin teku, ga shi dole in koma in tsaya a gabanta. Ka zo mu shiga tare. In ta ga ɓarayi biyu za ta rasa wanda za ta fara zagi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ninke majanyin ya sa a cikin riga, ya ce in ba shi kwanaki. Na gaya masa kwanakin ba nawa ba ne, ba kuma nasa ba ne. Iyakar abin da na iya ke nan. Ki gaya wa Gwaggo saƙonta ya shiga hannu. Sauran ki bar shi tukuna.

Paul ya ce in muka kai wasan ƙarshe maigidansa zai samo mini tikiti. Ki taya mu addu'a, ta wasan da ta ɗayan.

Mahaifinki,
Job

Malumfashi, 8 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na yi maka mummunan zato. Na karanta wa Mama takardarka, ta ce kwana shida a tasha ya yi maka kaɗan, amma tana faɗa tana share ido.

Jiya da muka ci a bugun fenariti Malumfashi kamar za ta tsage. Na san kana can kana cewa kai ka ba su shawara.

Na ɗauki hutu na je Gozaki. Na gaya wa Gwaggo zanen ya shiga hannunsa. Sai ta ce a ba ta kunu, ta sha rabin kofi. Ni ma ina da laifin da zan faɗa: na karya alkawari, na gaya mata labarin dakuwar. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Wanda ya tauna majanyi zai bar dakuwa? Ai don shi na daka. Na san in babu abin ci a ciki zai mance ƙullin a tashar Funtua."

Amma ta ce hukunci yana nan. Tunda da sunan Ummaru aka daka, sai ka biya shi. Za ka daka curi goma sha biyu da hannunka, a tsakar gidanta, tana kallo, matan unguwa suna kallo.

Baba, ƙarfinta yana raguwa. Hankalinta garau, amma jikin ba ya bin sa. Na san wasan ƙarshe ran Lahadi ne, na san kuma tun ina yarinya kake mafarkin irin wannan rana. Ba zan ce maka komai a kai ba.

'Yarka,
Ƙauna

A hanya, iyakar Ghana da Togo, 12 ga Fabrairu

Ƙauna,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu lau, mu biyu. Ki duba lambar da wannan hoton ya zo da ita, ta Ummaru ce. Ki adana ta.

Ran Asabar da hantsi ina zaune a garejin Paul, tikitin yana aljihuna ina shafa shi kamar sabon ango, sai ga mutum da jaka ɗaya da butar shayi. Ya bar wa maƙwabcinsa teburin. Ya ce, "Ayuba, akwai motar Legas gobe da safe. In na ƙara kwana biyu a garin nan zuciyata za ta sake laɓewa. Na san halina."

Na ce, "Gobe ne fa wasan ƙarshe."

Ya ce, "Na sani."

Ba zan yi miki ƙarya ba, na shiga bayan wata mota na yi jinya ta minti biyar. Sannan na aika wa Shitu tikitin, ladan ajiyar majanyi.

A rediyon mota muka ji wasan. Da muka fara ci na miƙe na buga kaina da rufi. Daga baya suka rama, suka ƙara, kofi ya zauna a gidansu. Ummaru ya ce, "Da ka je da ka yi kuka a gaban mutum dubu sittin. Na rufa maka asiri." Ka ji mai shayi. Ni dai na san da ina filin da ba a yi haka ba, amma ki bar wannan tsakaninmu.

Yanzu muna daidai inda na yi aika-aikar, motar ma ta tsaya kamar ta tuna. Ummaru ya sayo wa Gwaggo goro da turare da ɗan busasshen kifi, ya ɗaure su cikin majanyin, ya kuma zauna a kai. Ya ce ba wai bai yarda da ni ba ne. Yana ta tambayata ko itacen tsamiyar ƙofar gida yana nan, ko Gwaggo za ta gane muryarsa. In ya yi shiru da yawa sai in tsokane shi.

In Allah ya yarda ran Alhamis muna Funtua, mu hau motar Malumfashi. Ki je ki gaya mata da bakinki, ki ce ta ci abinci, ta bar shimfiɗar a inda take tana kallon ƙofa. Ta jira mu. Ta jira shekara goma sha huɗu, kwana uku ba zai gagare ta ba, ki gaya mata ni na ce.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki ce wa Mamanku ta soya gyaɗa da aya, ta nemo citta da kanumfari. Rabona da taɓarya tun ranar da na fasa wa Gwaggo turmi ina ɗan shekara tara. Ki taho mini da man zafi daga asibiti. Kuma a sa Ummaru ya zauna kusa da turmin yana ƙirgawa, don in aka bar ni ni kaɗai, goma sha biyun nan ba za su cika ba.

Mahaifinki,
Job, wanda Gwaggo ke kira Ayuba